Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Dare ɗaya da kyamarori shida

Makon jiya na tsaya da labarin a inda maigidana ya jera kyamarori shida a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, duk sun fuskanci wurin da mahaya ke jan linzami su yi jinjina. So yake doki ya tsaya cak, hoto ya kewaye shi. Yakan ba ni labarin wani Bature, Eadweard Muybridge, wanda ya jera kyamarori 12 a Kalifoniya a 1878 don ya kama sukuwar doki.

Da daddare ya bar min aikin haɗawa a shagonmu na Zoo Road. Na fara da daidaita lokaci, na ɗauki ƙarar bindigar 'yan tauri... a'a, ta 'yan bindigan sarki, na mai da ita alama. Nan na gane sauti ma tafiya yake yi, kusan mita 340 a daƙiƙa. Muna ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, don haka kyamarar da ta fi wata nisa da mita 14 ta makara da hoto guda. Na koma bin hayaƙin bindigar da ido. Har yau ina jin daɗin wannan daren.

Sai na yi kuskure. Ƙasa ta girgiza da kofato, hotuna na rawa, na sa wa kowanne Warp Stabilizer, wato manhajar da ke tsayar da rawar hoto, shi kaɗai. Kowanne ya yi sumul, amma da na haɗa su sai doki ya riƙa tsalle nan da can, domin manhajar ta yanke gefen kowane hoto ta ƙara masa girma yadda ta ga dama.

Bayan sallar asuba maigida ya shigo, ya kalla, ya yi shiru.

"Ɗana, ina sandar da na kafa?"

"Yallaɓai, na yanke wurin, na zaci gwaji ne."

Ashe sandar nan mai jan ƙyalle da ya kafa a tsakiyar fili kafin hawa ita ce ma'aunin aikin. Muka dawo da ita, muka ɗora ƙyallen kowace kyamara a kan na ta farko, muka miƙar da karkata, muka daidaita girma, sannan muka ɗaure rawar kowanne a kan wannan wuri. Kafin azahar doki ya tsaya, ƙura na rataye a bayansa.

Saura launi, don kyamara ta huɗu ta mai da farin rawani shuɗi. Mu haɗu mako mai zuwa.