Makin da na ci wa wani ɗalibi a kan "are"

A shekarata ta biyu da fara koyar da Turanci a sakandare, wani yaro ɗan ajin ƙarshe ya same ni a ofishin malamai riƙe da littafinsa. Ya rubuta "The team are playing well", ni kuwa na soke "are" da jan biro, na ɗora "is" a samanta, na rage masa maki ɗaya.

Ya rusuna ya ce, "Allah gafarta Malam, jiya a gidan kallon ƙwallo na ji mai sharhi yana cewa 'Arsenal are attacking'. Kuma Bature ne, ɗan Ingila."

Na ce masa Turancin filin wasa daban, na takarda daban, ya tashi ya koma aji. Amma a raina na san kare kaina kawai na yi. Abin da aka koya mini shi na haddace: kalma in tilo ce, aikatau ma tilo. Ban taɓa tambayar dalili ba.

Da na zauna na bi maganar a nutse, sai na tarar yaron ne da gaskiya. A Ingila, kalmomin da ke nufin taro irin su "team", "family", "committee", "government" da "jury" suna karɓar duka biyun. In mai magana yana kallon taron a dunƙule, sai ya ce "The committee has met". In kuwa mutanen ciki yake gani, kowa da bakinsa, sai ya ce "The committee are arguing among themselves". Jaridun Landan ma haka suke rubuta "England are out" in an fitar da su daga gasa. Mutanen Amurka ne suka fi riƙe "is" kusan ko'ina, in jam'i suke so sai su kewaya su ce "members of the committee". Su ɗin ma sunan ƙasarsu da "are" ake yawan haɗa shi a da, "the United States are". Bayan yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865 ne "is" ta riƙa rinjaye sannu a hankali.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ashe abin yana bakina tun ina yaro. Muna cewa "jama'a ta taru", mu kuma ce "jama'a sun watse", ba wanda ya taɓa ɗaga mana gira. Mai karanta labarai a rediyo zai ce "Kano Pillars ta ci", ɗan kallo ya fito daga fili yana ihun "Pillars sun ci!" In aka tambaye ka iyali, "suna lafiya" za ka ce, alhali kalmar tilo ce. Bahaushe da Baturen Ingila hanya ɗaya suka bi a nan: abin da zuciya ke gani shi ke jan aikatau. Ni kuwa na tsallake wannan duka na riƙa bugun yara da dokar da ban san gindinta ba.

Ba kuma cewa na yi komai ya halasta ba. "Police", "cattle" da "people" jam'i ne ko a Landan ko a Amurka, don haka "the police is coming" da muke yawan ji kuskure ne. "A number of students are absent" daidai ne, amma "the number of students is forty". Sai wanda ya fi damuna a rubutun yara, wato sauya doki a tsakiyar jimla: a fara da "The team is", a ƙare da "their". Wannan har yau ina ja masa layi. A jarrabawa kuwa nakan ce su duba sauran jimlar, in sun ga "among themselves" ko maganar saɓani tsakanin 'yan taron, jam'i ake nema.

Ranar Litinin na shiga ajin, na rubuta jimlar yaron a allo, na rubuta "jama'a sun watse" a ƙasanta, na faɗa musu ni ne na yi kuskure. Aji ya yi tsit, don ba su saba jin haka daga bakin malami ba. Can sai yaron ya ɗaga hannu daga baya.

"To Malam, makina fa?"

Na ce ya kawo littafin.