Abin da ƙaramin jirgin ƙasa ya koya mini a aikin lantarki

Jirgin ƙasa bai taɓa shigowa Damagaram ba. Dogo ya iso Kano tun 1911, reshensa ya kai Nguru a 1930, amma bai tsallako iyaka ba. Wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 ma bai zama hanyar fasinja ba. Nawa jirgin kuwa yana ɗakin soro a gidanmu na unguwar Birni, kan faifan katako, tun ina saurayi nake ƙara masa layi kaɗan-kaɗan. Sana'ata koyar da aikin lantarki ce, kuma rabin abin da nake faɗa wa ɗalibai daga kan faifan nan na samo shi.

Irin nawa shi ake kira HO: komai an rage shi sau 87. Faɗin dogon gaske, milimita 1,435, ya koma milimita 16.5. Mutum tsayayye bai wuce santimita 2 ba. Wuta bolt 12 ce, tana bi ta ƙarfe ɗaya, ta hau ƙafafun kan jirgin, ta juya injin, ta dawo ta ɗaya ƙarfen. Wato dogon shi ne wayar. Wannan ya yi mana daidai a nan, don batirin sola ma bolt 12 ne, ko an ɗauke wuta jirgina yana tafiya.

To, a nan hunturu yake shigowa. Idan hazo ya sauka a watan Janairu, ko ka rufe taga ka toshe ƙasan ƙofa da tsumma, da safe za ka tarar da ƙura ta kwanta a kan ƙarfen, siririya, sai ka shafa yatsa kake ganinta. Jirgin zai taho lafiya, ya zo wuri ɗaya ya yi shiru, fitilarsa ta mutu. Hannu har ƙaiƙayi yake ya ɗauki sukudireba ya buɗe injin. Alhali injin lafiyarsa ƙalau. Ƙyalle da ɗan alkol a kan dogo da ƙafafu, shi ke nan. In ba ƙura ba, to mahaɗar ƙarfe biyu ce ta saki, ko dalma ta tsage a ƙarƙashin faifan.

Haka abin yake a gidajen mutane. Fanka ta tsaya, yaro ya ce kwal, wato naɗin wayar injinta, ya ƙone, ya kwance ta gaba ɗaya, ashe waya ce ta yi tsatsa a soket. Famfon rijiya ya ƙi tashi, a ce a sayo sabo, ashe kan batiri ne ya yi fari. A ganina gaggawar zargin abu mai tsada ita ke cinye kuɗin talaka fiye da lalacewar kanta. Shi ya sa a ajina ba mai taɓa inji sai ya bi wutar da mita tun daga tushe, mahaɗa bayan mahaɗa, ya nuna mini inda ta ɓace.

Zafin Afrilu ya koya mini barin ɗan sarari tsakanin ƙarafa, don in sun miƙe ba su da wurin zuwa sai su karkace. Gara kuma ta sa na ɗora ƙafafun teburin a kan ƙarfe. Duwatsun Birni da na kwaikwaya da laka da ƙaro, da kukoki na wayar tagulla, wannan don jin daɗina ne kawai, ba darasi a ciki.

Jarrabawar da na fi so ita ce ta lanƙwasa. Ina sa ɗalibai su haɗa layin da zai zagayo ya dawo kan kansa, jirgin ya juyo da fuska. Da sun kunna sai wuta ta haɗu, don ƙarfen dama ya zagayo ya taɓa na hagu. Sai ka ji ana "Malam, tiransifoma ta lalace!" Ba na cewa komai. Yawanci akan samu ɗaya, sau da yawa cikin ƴan mata, da zai bi layin da yatsa har ya gano wurin. Daga nan sai mu yanke ƙarafan biyu a mashiga da mafitar lanƙwasar, mu sa makunnin da ke juya wutar, mu wuce darasin fiyus.