Malam, in ka yi tambaya ka jira amsa

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan tagar ajin firamare a garuruwanmu ya san waƙar nan. Malam ya gama bayani ya juyo ya ce "kun gane?" aji gaba ɗaya ya ɗauka "eeeh malam!" Ya ce "akwai mai tambaya?" su ce "babuuu!" shikenan sai monita ya goge allo a wuce gaba. Ni lissafi nake koyarwa a aji biyar kuma wallahi abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya, don yaran ba ƙarya suke nufin yi ba, sun dai san amsar da ake so ne suka bayar, da wanda ya gane da wanda tun safe hankalinsa na wajen a tashi tara duk bakinsu ɗaya.

Yawancin tambayoyinmu na tuno hadda ne. Bakwai sau takwas nawa, ina ne babban birnin jihar Neja, wace shekara aka samu 'yancin kai. Ba raina hadda nake ba fa, mu da muka tashi da allo da tawada mun san darajarta, kuma yaron da sai ya ƙirga yatsu kafin ya ce maka shida sau huɗu zai sha wuya nan gaba. Amma duk wanda ya yi NCE an karantar da shi matakan Bloom, wato matakan tunani wajen koyo da wani masanin ilimi mai suna Bloom da abokan aikinsa suka fitar tun 1956, kuma tunawa ita ce matakin ƙasa, a samanta akwai fahimta da aiki da abin da aka sani da ƙwanƙwancewa har zuwa yanke hukunci. Ajujuwanmu da yawa a matakin ƙasan nan ake shekara.

Akwai wani gwaji da wasu masu binciken koyar da lissafi suka yi a Grenoble ta ƙasar Faransa wajen 1980. Suka ce da ƙananan yara, jirgin ruwa ne ɗauke da tumaki 26 da awaki 10, shekarun kyaftin ɗin jirgin nawa? Mafi yawansu suka ba da amsa, suka tara suka ce 36. Da na ji labarin sai na juya shi irin namu na rubuta a allo: Bafulatani yana da shanu 25 da tumaki 20, shekarunsa nawa? Kafin in ajiye alli fensira sun fara aiki, ina zagayawa ina ganin 45, 45, 45. Wata yarinya ce a layin baya ta ƙi rubuta komai tana ta satar kallona, na ce mata ya dai? ta yi ƙasa da murya kamar mai laifi ta ce "Malam ai ba a faɗa ba, shanu ba sa nuna shekarun mutum."

Amma wanda ya fi tsaya min a rai wani yaro ne cikin masu 45 ɗin. Na ce masa ya aka yi ka samu? Ya ce "Malam da na ɗebe biyar ta rage, kuma ɗan shekara biyar ba zai mallaki shanu ba, da na yi sau kuma ta yi yawa babu mai kai haka, shine na tara." Ku duba fa. Yaron nan ya yi tunani, tunani mai kyau ma, ya gwada hanya uku ya auna kowacce da hankali. Abu ɗaya ne bai zo masa ba, wato cewa yana da damar ya ce tambayar malam ita kanta ba ta tsaya ba. Kuma da ban tambaye shi ba, da jan biro kawai zan sa masa in wuce, ban san abin da ke cikin kansa ba.

Nan ne al'adarmu ta kunya take shigowa. Mun tarbiyyantar da yaro kada ya ja da babba, kada ya riga manya magana, kuma tarbiyya ce mai kyau ba na so a rasa ta. Sai dai ku tuna hadisin nan da ke cikin Bukhari, inda Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba kuma misalinta kamar musulmi. Mutane suka yi ta kawo bishiyoyin daji. Abdullahi ɗan Umar ya ce ya faɗo masa a rai dabino ce amma kunya ta hana shi faɗa saboda shi ne ƙarami a wajen. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar ya nuna masa da ya faɗa da ya fi masa daɗi. Abu biyu nake gani a nan, na farko Annabi ya san amsa amma ya bar su suka yi ta lalube tukunna, na biyu ga uba yana son ɗansa ya yi magana a gaban manya in yana da abin faɗa. To ashe koyarwa da tambaya ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo mana.

Sai batun jira, wanda ni a ganina shi ne ya fi wuya. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi darussa masu yawa ta auna, ta fitar da sakamakon a farkon shekarun 1970. Ta gano malamai in sun yi tambaya kusan sakan ɗaya kawai suke jira, daga nan sai su maimaita ko su nuna wani ko su amsa da kansu. Da aka sa su jira sakan uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu cewa ban sani ba suka ragu, yaran da ba sa magana suka fara sa baki. Sakan uku fa kawai. Amma ka gwada a aji ka gani, shirun nan nauyi ne da shi, ga zaƙaƙuran layin gaba suna ta "Malam ni! Malam ni!" suna kaɗa yatsa. Abin da nake yi shine in ce kowa ya sauke hannu, ba mai magana sai na ƙirga biyar a zuciyata, wani lokacin in ce kowa ya gaya wa na kusa da shi tukun, sannan ni in zaɓa.

Wani abu kuma da za ka lura, ranar farko da ka ce wa yaro "me ya sa ka ce haka?" hannunsa kilina zai nufa ya goge, ko da amsarsa daidai ce. Ya saba ba a tambayar dalili sai an yi kuskure. Dole ka riƙa tambayar mai daidai da mai kuskure duka da fuska ɗaya har su saba. Akwai yarinyar da ke tallan gyaɗa bayan an tashi, a takarda ɗebewa mai aro tana ba ta wahala ƙwarai. Na ce mata an sayi na 360 an ba ki 500, canji nawa? Ko numfashi ba ta ja ba ta ce 140. Na ce ya kika yi? "Malam 40 ta cika 400, sai 100 ta cika 500." Na sa ta fito ta nuna wa aji, sannan na tambaye su ko hanyarta za ta yi aiki a 1000 a ɗebe 675, aka yi ta musu har aka buga ƙararrawa ba su sani ba.

Na san abin da abokan aikina za su ce, aji ya cika maƙil wasu a ƙasa suke zaune, darasi minti 35 ko 40, ga manhaja sai an gama kafin jarabawa, ga sufabaiza zai zo ya duba inda aka kai. Duk gaskiya ne, ni ma a ciki nake. Shi ya sa ba na cewa kowace tambaya ta zama mai zurfi. Guda ɗaya tak nake shiryawa tun daga gida in rubuta ta a shirin darasi, in ware mata minti goma, sauran lokacin a yi aikin da aka saba. Ta sati mai zuwa ma na riga na rubuta, don za mu shiga kashi-kashi kuma na san da yawa za su ce ɗaya bisa uku ta fi ɗaya bisa biyu tunda uku ta fi biyu. Zan ce musu gurasa ɗaya ce, ku biyu ku raba ko ku uku, wanne ka zaɓa kuma me ya sa, sannan in ja bakina in yi shiru.