Abin da Albashi Kaɗai Ba Ya Kawowa a Wurin Aiki

Shekarun da na yi ina aiki a ƙarƙashin shugabanni iri-iri, daga baya kuma aka damƙa mini kula da wasu ma'aikata, sun koya mini cewa albashi yana kashe ƙorafi, amma himma daga wani wuri take fitowa. Ma'aikacin da ake biya a makare, ko ake ba shi abin da bai isa ya riƙe iyalinsa ba, hankalinsa ba ya kan aiki, wannan kuwa babu mai musu a kai. Sai dai na lura cewa idan aka gyara albashin, gunaguni ne kawai yake tsayawa, murnar ƙarin kuɗin kuma ba ta daɗewa kafin ya koma abin da aka saba da shi.

Masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, Frederick Herzberg, ya bayyana wannan tun shekarar 1959, bayan shi da abokan bincikensa sun tambayi injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh game da lokutan da suka fi jin daɗin aikinsu da lokutan da suka fi ƙuntata. Amsoshin sun rabu gida biyu. Ɓacin rai ya fi fitowa daga dokokin kamfani da salon sa ido da yanayin wurin aiki, jin daɗi kuwa ya fi fitowa daga kammala aiki mai wuya, da yabo a kan abin da aka yi, da ɗora wa mutum nauyi, da samun ci gaba.

A cikin waɗannan duka, ɗora nauyi ne na ga ya fi tasiri, shi ne kuma shugabanni suka fi rowarsa. Na yi aiki da wani shugaba wanda duk wasiƙar da aka rubuta sai ta bi ta teburinsa ya canza kalma ɗaya ko biyu da jan biro, ko da babu kuskure a cikinta. Ba a jima ba kowa ya daina tsayawa ya tace rubutunsa, tunda an san za a taɓa shi ko ta yaya, har waɗanda suka iya aiki suka koma jiran umarni. Wani shugaban kuwa yakan miƙa maka fayil ya ce, "Wannan naka ne, ka kawo mini sakamako ranar Alhamis, in ka maƙale ka neme ni." A ƙarƙashinsa mutane kan zauna bayan lokacin tashi ba tare da an roƙe su ba, domin kowa ya san sunansa ne a kan aikin. Kamfanin Toyota ya daɗe da gina wannan amana a cikin tsarinsa, inda ma'aikacin da ke kan layin haɗa motoci yake da ikon jan igiya ya sanar da matsala, har a tsayar da layin idan ba a warware ta nan take ba.

Yabo ma yana da nasa sharaɗin. Kambun "gwarzon ma'aikaci" da ake rataye hotonsa a bango bai taɓa burge ni ba, musamman idan an mayar da shi karɓa-karɓa. Abin da ke shiga zuciya shi ne shugaba ya ambaci ainihin abin da ka yi, a gaban waɗanda suka san wahalarsa.

Duk wannan kuma yana rushewa idan babu adalci. Ma'aikata suna iya jure ƙarancin kayan aiki da yawan ɗawainiya, amma da zarar sun ga an yi wa wani ƙarin girma saboda kusancinsa da shugaba, alhali kowa ya san wanda ya yi aikin, gwiwarsu takan yi sanyi, kuma babu walimar ƙarshen shekara da za ta gyara wannan. Alamar farko da nake dubawa ita ce taron mako. Mutumin da ya saba kawo shawara yana ja-in-ja a kan yadda za a inganta aiki, idan ya koma cewa "to" ga duk abin da aka faɗa, yawanci ya riga ya fara aika takardun neman aiki zuwa wasu wurare.