Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Biyanu a Agadas

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya ce in haɗa kayana, bana da ni za a tafi fatauci arewa. Shekarar 1987 ce, ƙarshen watan Zulhajji, damina ta yi tsakiya a Kura, gero ya fitar da kai.

Wanda ya biyo labarin nan tun daga farko ya san gidanmu gidan turkuɗi ne. Masaƙa su saƙo siraran ƙyallaye, wani bai fi faɗin yatsa ba, maɗinka su haɗa su ɗaya bayan ɗaya, a kai karofi a tsoma a baba, a shanya, a sake tsomawa har ya yi baƙi wuluk. Daga nan sai a kawo mana mabuga. Mu barbaɗa garin shuni, mu shafa ɗan kitse, mu naɗe a kan gungume, mu yi ta bugu har ya ɗauki ƙyalli. Yawan ƙyallayen da ke jikin rawani shi ne darajarsa. Ni a wannan bugu na tashi, kafaɗuna sun san shi tun kafin in sauke Alƙur'ani. Amma iyakar sanina da turkuɗi shi ne a naɗe shi a takarda, a ɗaure da zare, a jera a akwati. A Kura rawanin turkuɗi, wanda ake kira ɗan Kura, sai hakimi ko dagaci ranar Sallah. Inda sauran yake zuwa, sai dai in ji ana cewa Abzin.

Muka bi ta Daura da Kwangwalam muka shiga Nijar, muka kwana Damagaram, sannan muka hau bayan babbar mota zuwa Tanut da Adarbisinat. Daga Tanut gonaki suka fara ja da baya, sai ciyawar damina shar da raƙuma suna kiwo a cikinta. Baba na cikin farin ciki a tafiyar nan, domin tun da gwamnatin Babangida ta karya darajar naira a 1986 sefa ta yi ƙarfi, wanda ya sayar a can ya canza a nan ya ga riba.

Hasumiyar babban masallacin Agadas ita ta fara yi mana maraba tun muna nesa. Ginin ƙasa ne zalla, tsawonsa mita 27, itatuwa sun leƙo daga jikinsa ta kowane ɓangare, kuma a kansu magina ke takawa idan za a yi masa yaɓe. An fara gina ta wajen 1515, aka sake ta a 1844. Gidan fatomanmu, wato mai masaukinmu da ake ciniki ta hannunsa, yana cikin tsohon gari, ta wani lungu da raƙumi mai kaya ba zai wuce ba. Hausa ake yi a garin, Hausa mai ɗanɗanon Buzanci, ban sha wahalar ji ba.

Ba mu kai kaya kasuwa ba. A zauren fatoma aka yi cinikin duka, kuma cinikin ya bambanta da wanda na sani. Mai saye zai shigo ya zauna, a ɗora shayi, a sha na fari mai ɗaci, a tambayi hanya da iyali da ruwan sama, ba wanda ya ambaci kaya. Sai an zo na biyu Baba zai ce da ni, "Miƙo na saman nan." In kwance zaren, in buɗe bakin takardar kaɗan, don ba a warware turkuɗi gaba ɗaya, iska da hannu suna rage masa ƙyalli. Akwai wani dattijo da ba na mantawa, siriri, amawalinsa ya koɗe ya koma toka-toka. Ya ɗora babban yatsansa a gefen rawanin ya murza sau ɗaya, ya ɗaga yatsan ya duba a hasken ƙofa. Ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya ƙirga ƙyallayen da farce, a hankali, leɓensa na motsi a ƙarƙashin amawali.

"Alhaji, wa ya buga wannan?"

Baba ya nuna ni da haɓa. Dattijon ya daɗe yana kallona, ya ce, "Allah ya yi wa hannunka albarka, yaro." Sai da aka kai la'asar kafin su daidaita, ya biya rabi da kuɗin awakin da ya sayar, rabi kuma sai bayan kaka. Baba bai rubuta komai ba. Fatoma ne shaida.

Dalilin da ya sa kowa ke neman sabon rawani a lokacin shi ne Biyanu, bikin shekara-shekara na mutanen Agadas. Bikin yana farawa ne 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah, ya ɗauki kamar mako uku, ya ƙare da Ashura. Mu mun iso ana tsakiyarsa. Kowane dare bayan isha'i sai ka ji tambari daga nesa, da wasu ƙananan ganguna da suke kira akanzam, samari na zagaya unguwanni suna waƙa. Garin rabuwa yake yi gida biyu, 'yan gabas da 'yan yamma, kowane ɓangare da shugabansa da makaɗansa da hanyoyin da yake bi. Manya sun ce a da idan ɓangarorin biyu suka yi karo a lungu ɗaya, sanduna ne ke magana. A zamanin da na gani abin ya fi zama gasar kiɗa da ado da ƙarfin murya, ko da yake an fi so kada a haɗu ɗin.

Fatoma na da ɗa sa'ana. Daren farko ya leƙo ɗakin baƙi ya ce in taso. Na ce masa ni baƙo ne, zan tsaya bakin ƙofa in yi kallo. Mahaifiyarsa na tsakar gida tana dama fura da cuku da dabino, ta ji mu.

"Kallo? Ɗana, ba a kallon Biyanu. Duk wanda ya kwana a gidan nan ɗan gabas ne. Tashi ka bi ɗan'uwanka."

"To, Inna, ban iya waƙar ba."

"Ƙafa gare ka ko? Ita za ta koya maka."

Na leƙa zaure wajen Baba. Bai ce je ka ba, bai ce kada ka je ba. Ya ce dai kada sallar asuba ta wuce ni.

Gaskiyar Inna ce. Na sha zuwa hawan Sallah a Kano, kuma ina son sa har gobe, amma a can an san mahaya an san 'yan kallo, dogarai na tsakani. A Agadas ban ga wannan layin ba. Ayarin zai shigo lungu, wanda ke bakin ƙofa ya faɗa ciki, a yi gaba da shi. Tsofaffin mata na guɗa daga kan soro, yara na gudu ta ƙarƙashin hannayen manya, mai shago ya rufe shagonsa ya bi. Rawar ba ta da wuya: ka ɗaga hannun riga, ka juya, ka durƙusa kaɗan, ka taso daidai faɗuwar tambari. Ba wanda ya tsaya ya koya mini, ba kuma wanda ya yi mini dariya.

Ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda suke kira marecen ado. Tun da hantsi gidan ya rikice. Mata sun kwana da lalle, an fito da kayan azurfa da maƙeran garin suka ƙera, ana goge su da toka. Maza sun ciro manyan riguna daga adaka, da takubba, da layu masu gidan fata ja da kore, aikin matan maƙera. Fatoma ya zauna a tabarma ya kwance rawanin da ya saya a wurinmu, ya warware shi duka, abin da ban taɓa yi ba ni da na buga shi. Ya fara naɗa farin a ƙasa, ya ja amawali ya rufe hanci. Sai ya ɗauki turkuɗin ya yi masa ƙananan ninki da yatsu, ɗaya kan ɗaya, ya kafa shi a saman kai ya tsaya tsaye kamar zankon zakara. Kafin ya gama, yatsunsa da goshinsa sun yi shuɗi. Na ɗauko tsumma zan miƙa masa, ɗansa ya riƙe hannuna. Wannan shunin da ke zuba a fata shi ake so. Shi ke nuna rawanin na gaske ne, kuma sun ce yana kare fata daga rana da iska.

Ni ma aka sa mini rigar aro, Inna ta zizara mini kwalli da hannunta, aka naɗa mini wani tsohon rawani.

Da rana ta yi sanyi muka fito fili. Rana na faɗuwa ta yamma, haskenta ya bugi kawunan mutane, sai ƙyallin turkuɗi ya tashi, baƙi mai ja-ja, ɗaruruwa a lokaci guda, suna sama suna ƙasa da kiɗa. Mata sun yafa nasu a ka, azurfa na walƙiya a kansa. A tsakiyar fili na hango dattijon nan mai awaki. Koɗaɗɗen amawalin ya tafi. Ya ɗaga takobi a hannun dama, yana juyi a hankali, samari sun buɗe masa wuri, rawanin da na yi ta bugu a Kura kafaɗata na zafi yana kansa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Masaƙi da maɗinki da marini da mu mabuga, kowa ya yi nasa ya miƙa gaba, ba wanda a cikinmu ya taɓa ganin inda aikin yake ƙarewa. A kan mutumin nan yake ƙarewa, a tsakiyar jama'arsa. Har yau idan na ga an rataye turkuɗi a bango ana nuna wa baƙi, sai in ji kamar an tsayar da shi a rabin hanya.

Daren da ya biyo baya gari ya fita zuwa Alarsas, 'yan kilomitoci arewa da Agadas a bakin ƙoramar Telwa, inda ake da lambuna da goriba. A can aka kwana a kan yashi. A gida Kura daren cika-ciki ake shiri, ana fito da wutsiyar ragon layya da aka adana, taubasai na bin juna kuɗin shara. A nan kuwa wuta ce aka hura ko'ina, ana shayi, ana gasa nama, makaɗa na karɓa-karɓa. Na zauna kusa da wasu dattawa suna gardamar asalin bikin. Ɗaya ya ce tunawa ce da tarbar da mutanen Madina suka yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar da ya yi hijira. Wani ya ce murnar saukar jirgin Annabi Nuhu ce bayan ruwan ɗufana. Na uku ya ce kakanninsu ne suka dawo daga yaƙi da nasara aka fita tarbarsu. Ba wanda ya sauka daga maganarsa, kuma da asuba duk suka tashi suka yi sahu ɗaya.

Gari na wayewa kowa ya shiga yankar kaba. Kowa da hannunsa yake kitsa tasa, ya ɗaura a kan rawani, wasu su ɗaure ta a kan dogayen sanduna. Abokina ya nuna mini yadda ake tsaga ganyen da farce a saƙa shi gida uku. Haka muka dawo gari, kore a kan baƙi, ƙura ta tashi, waɗanda ba su je ba sun fito bakin gari tarbarmu da ruwa da guɗa. Aka zarce fadar Sarkin Abzin, a lokacin Ibrahim Umaru ne, wanda ya daɗe a kan gadon har ya rasu a 2012. Aka yi gaisuwa, aka yi addu'ar sabuwar shekara. A cikin turmutsitsin na hango Baba a gefen ayari. Bai yi rawa ba, mutum ne mai kamewa, kuma yana azumin ranar. Amma akwai ɗan zaren kaba ɗaure a hularsa, wani ya ɗaura masa, bai cire ba.

A shekarun nan Turawa na cika Agadas, tseren motocin Faris zuwa Dakar ma ta nan yake bi da sanyi. Mun ga 'yan kaɗan da kyamarori, su ma ba su daɗe a gefe ba aka ja su ciki. Bayan tawayen Buzaye da ya ɓarke a 1990, wanda aka yi sulhunsa a 1995, da na 2007, baƙin suka ɗauke ƙafa, masu otal da masu jan hanya da maƙera da yawa suka shiga wani hali. Biyanu bai dogara da su ba tun asali, shi ya sa Agadasawa suka ci gaba da abinsu. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, na yi murna ƙwarai. Abin da ke damuna yana gida: karofin da na sani cike da marina a Kura, ramuka da yawa sun bushe, yadin kanti mai arha ya shiga kasuwa, 'ya'yanmu kuma ba sa son bugu. Ina faɗa wa nawa cewa akwai gari guda a bakin Sahara da ke ƙirga ƙyallayen aikinmu da farce, ya kamata su je su gani da idonsu kafin su yanke hukunci a kan sana'ar.

Da aka watse, Baba da fatoma suka zauna lissafi a zaure. Kaya sun tafi fiye da rabi, amma kuɗin hannu kaɗan ne, yawanci bashi ne sai bayan kaka. Sauran akwati guda na manyan rawuna masu tsada, waɗanda mutanen gari ba su iya saye ba. Fatoma ya ce masu wannan kuɗin suna daji da raƙumansu, kuma nan da 'yan kwanaki duk za su hallara a Ingal, yamma da Agadas, wajen lasar gishirin dabbobi, su da Fulani Bororo.

Baba ya juyo ya dube ni. "Ka iya hawan raƙumi?"

Na ce a'a, Baba.

Ya ce to in je in wanke rigunanmu, jibi akwai motar da za ta tashi. Abin da ya same mu a hanyar Ingal, da yadda na fara ganin rawar Bororo, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.