Abin da na koya wajen nas-nas a ɗakin yara

A shekarata ta farko ta aikin likita an tura ni ɗakin kwantar da yara a tsakiyar damina. Duk wanda ya yi aiki a asibitocin Arewa ya san Agusta da Satumba: zazzaɓin cizon sauro ya yi kamari, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba, tamowa ta kama yara. Sai ka ga gado ɗaya yara biyu.

A nan na gane cewa abin da likita ya rubuta a kati ba ya zama magani sai ya bi ta hannun nas. Ni zan zagaya da safe, in tsaya 'yan mintuna a kan kowane gado, in wuce. Ita ce za ta kwana da yaron. Wanda tamowa ta yi wa tsanani ba a cika shi da abinci lokaci guda. Wata madara ta musamman ta masu tamowa, wadda ake kira F-75, ake ba shi kaɗan-kaɗan, duk bayan awa biyu ko uku, har cikin dare, domin faɗuwar sukari a jini da sanyin jiki suna iya kashe shi kafin asuba. Nas ce ke tashin uwar da gajiya ta kayar, ta riƙa mata kofi, ta ce ta rungume ɗanta a ƙirji ta lulluɓe shi. Allurar atesunet ta zazzaɓi mai tsanani ma ƙa'ida gare ta: a yi yanzu, a sake bayan awa 12, a ƙara idan an cika awa 24. Idan babu mai lura da agogo, rubutun kati ya tashi a banza.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne idonsu. Wata dattijuwar sista, wadda dukanmu muke ce wa Mama, tun daga bakin ƙofa take gane yaron da numfashinsa ya sauya. In ta ce min in zo in duba gado kaza, ba na jinkiri.

Na sha tambayar kaina me ke riƙe su a wannan aiki. Ba albashi ba ne, don da yawa daga cikin abokan karatunsu sun tafi Ingila da Saudiyya, kuma ban ga laifin wanda ya tafi ba. Wasunsu lada suke nema, suna ambaton Rufaida al-Aslamiyya da ta kafa tanti a Madina tana jinyar masu rauni, har aka kai mata Sa'ad ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handak. Amma abin da na gani da idona shi ne fuskarsu ranar sallama. Yaron da aka kawo ba ya iya ɗaga kai, yau ga shi yana ƙwace cokali daga hannun uwarsa, uwar kuma tana ta cewa, "Sista, Allah Ya saka da alheri." Ranar nan har muryar Mama takan sauya.

Mutane suna yawan kukan cewa nas-nas na da faɗa. Akwai masu hali marar kyau, kuma ba na kare su. Sai dai mace ɗaya da aka bar wa ɗaki cike da yara, ga iyaye kowa na kira, dole wani lokaci muryarta ta yi sama. Ga kuma haɗari: lokacin da aka fara gano zazzaɓin Lassa a 1969, nas-nas ne suka fara kamuwa, biyu suka rasu a Jos, ta biyun ta ɗauka ne wajen jinyar ta farkon. Har yau a kusa da jini da amai suke wuni. Shi ya sa duk taron da aka ba ni damar magana, abin da nake nema musu shi ne ƙarin ma'aikata a aikin dare da isasshen safar hannu.