Rumbu na Uku

A gidanmu na ƙauye, can ƙasar Katsina, rumbu uku ne a bayan turakar mahaifina. Biyu na cin shekara ne. Na ukun, wanda ya fi su girma, ba a buɗe shi ko da tuwo ya koma sau ɗaya a rana. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ita ta gaya mini dalili: wancan na baƙar shekara ne. Ita ba da lamba take ƙirga shekaru ba, da sunan yunwa take ƙirgawa. Akwai Kakalaba da mahaifiyarta ta ba ta labari, wadda daga baya na gano ta 1914 ce, akwai Mai Buhu ta 1927. Farin 1973 kuwa da idonta ta gani, lokacin da Buzaye da Fulani suka gangaro daga arewa bayan dabbobinsu sun ƙare a hanya, mata suna bin gida-gida suna neman ko dusa ce.

Na je gida a tsakiyar daminar nan. Rumbu ɗaya ya rushe, ɗaya kaji ke kwana a ciki, na ukun kuma na leƙa ban ga komai ba sai igiyar dami. Ƙanena da ke riƙe da gonar manomi ne na gaske. Yana sa takin zamani, yana shuka iri mai saurin nuna, kuma abin da yake girbewa ya fi abin da Baba ya taɓa girbewa a gonar nan. Amma ranar kasuwa na gan shi ya dawo da gero tiya biyu a leda, ya auno. Tun daga ranar abin bai bar raina ba.

Da na zauna da shi bayan sallar isha'i ya yi mini lissafin, sai na ga babu wani sirri a ciki. Da kaka komai ke faɗo wa manomi lokaci guda: bashin taki, kuɗin 'yan ƙwadago, kuɗin makarantar yara, bikin da aka ɗage sai an yi girbi, maganin da aka karɓa bashi tun cikin marka. Kowa ya kai hatsinsa kasuwa a makonni ɗaya, farashi ya zube. Mai jari ya saya, mota ta kwashe zuwa Dawanau, a jibge a sito. Idan Yuli da Agusta suka zo, abincin gida ya ƙare, sabo bai nuna ba, sai manomin ya koma sayen irin hatsin da ya sayar, da tsadar da bai taɓa sayarwa a kai ba. In babu kuɗi, ya ci bashin hatsi a kan zai biya ninki da kaka. Ko kuma ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar mai hali, daidai lokacin da tasa ke bukatar maimai. Ciyawa ta cinye tasa, kaka ta zo da ɗan abin da ba zai kai shi ko bazara ba, shekara mai zuwa ya fara aune tun da wuri. Wannan ramin da ke tsakanin kaka da marka shi ne inda na fi ganin yunwa tana shiga gidajenmu.

Ba ɗan kasuwa kaɗai nake ɗora wa laifi ba. Ajiya aiki ce, tana cin kuɗi, kuma dole wani ya yi ta. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda ya yi gumin noman shi ne ba ya da ƙarfin ajiyewa.

Duk wanda ya tuna Maraɗi a 2005 zai gane abin da nake faɗa. Gaskiya ne an yi ƙarancin ruwa da farin ɗango a 2004, amma inda yara suka fi galabaita da tamowa shi ne Maraɗi da Damagaram, wato yankunan da suka fi noma a Nijar. Kasuwanni akwai hatsi a cikinsu, farashinsa ne ya fi ƙarfin talaka, ga darajar akuya da tunkiya da zai sayar ya auno ta faɗi. Uwa tana wucewa ta gaban buhunan gero da yaro a goye, tana neman tantin likitoci. Ko Kakalabar da kakata ke ba da labari, fari ne ya kawo ta, amma ta sami mutane a raunane: jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jama'a sun karkata ga noman gyaɗa, ga harajin Bature da ake biya da kuɗi, wanda ke sa mutum ya sayar da abin da ya kamata ya ajiye.

Duniya ma haka take. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 733 suka yi fama da yunwa a 2023, wato mutum ɗaya cikin 11 a duniya, ɗaya cikin biyar a Afirka. Alhali abin da duniya ke nomawa ya ishi kowa. Inda yunwa ta fi muni a yau, yaƙi ne a gabanta. A Sudan an fara faɗa a Afrilun 2023, zuwa Agustan 2024 aka tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin Zamzam kusa da El-Fashir, a ƙasar da ke da kogin Nilu da filayen Jazira. Yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 ya tashi farashin alkama da taki, har manomin da bai taɓa jin sunan Yukiren ba ya ji a aljihunsa.

Mu ma namu yaƙin yana nan a bakin gona. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, akwai ƙauyukan da sai sun biya 'yan bindiga haraji kafin su yi shuka, su sake biya kafin su yi girbi. Gonakin nesa, waɗanda suka fi albarka, an bar su sun koma daji. Ba na mantawa da manoman shinkafar Zabarmari, a jihar Borno, da aka yi wa yankan rago a gona a Nuwamban 2020. Duk wani shirin noma da bai fara da tsaron ran manomi ba, a takarda zai tsaya. Kan wannan aka zo aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, kuɗin ɗauko buhu daga ƙauye ya tashi, hauhawar farashin abinci ta kai wajen kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, har matasa suka fito zanga-zanga a Agustan shekarar. Gwamnati ta janye harajin shigo da wasu kayan abinci, farashi ya sauko, mutanen birni suka ɗan sarara, manomin da ya sayi taki da tsada kuma ya tashi da asara. Na ji manoma da yawa suna cewa sun rage masara saboda haka, kuma wannan abin tsoro ne ga shekarun da ke tafe.

To, mene ne abin yi? Ni dai a wajen ajiya na fi ganin haske, domin shi ne abin da hannunmu ke iya kaiwa. A Nijar akwai tsarin da ƙungiyoyin manoma ke bi: da kaka su zuba hatsinsu a sito ɗaya, a sa makulli biyu, ɗaya a hannun ƙungiya ɗaya a hannun mai ba da rance. A ba manomi rance a kan hatsin, ya biya buƙatunsa, ya yi kiwo ko noman rani ya biya bashin. Idan farashi ya tashi, hatsin yana nan da sunansa, ya ci ko ya sayar. Ba sabuwar dabara ba ce a wurinmu, rumbun tsimi ne aka yi wa rijista. Sannan ga buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ke hana iska shiga har ƙwarin wake su mutu ba tare da an zuba guba ba. Manomi nawa ne ke gaggawar sayar da wake da kaka don tsoron kada ya huje? Buhun nan kaɗai yana saya masa watanni.

Akwai kuma aikin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun daga shekarun 1980, na barin tohon itatuwa a gona suna gyara shi maimakon sassabe shi ƙaf. An ƙiyasta cewa sun farfaɗo da fili kusan hekta miliyan 5 ta wannan hanya. Duk manomi ya san gero ya fi kyau a gindin gawo, domin gawo da damina yake zubar da ganye, ya ba ƙasa taki bai hana shuka rana ba. Mu a gonarmu da hannunmu muka sare na ƙarshe aka yi itacen biki. Har yau ina jin zafin wannan.

Kuma muna da zakka. Hatsin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, ɗaya cikin goma ne, na ban-ruwa da wahala ɗaya cikin ashirin. Da kaka ake fitar da ita, lokacin da kusan kowane gida ke da ɗan abin tuƙawa. Na so a ce malamai da masu unguwanni su zauna su duba hanyar da shari'a ta yarda da ita, ta yadda mabuƙata za su karɓi rabonsu amma a taimaka musu da wurin ajiya na gari, domin ya kai su marka. Duk lokacin da na karanta Suratu Yusuf na zo inda ya ce abin da kuka girbe ku bar shi a zangarniyarsa sai kaɗan da za ku ci, sai damin geron Baba ya faɗo mini a rai. Bai taɓa yarda a sussuke na rumbu na uku ba, yakan ce gero a zangarniya ya fi jure shekaru.

Kafin in baro gida, mu uku da ke birni mun yi shawara da ƙanenmu. Bana mu za mu biya bashin takin da kuɗin makarantar yaransa, shi kuma ba zai kai ko tiya ɗaya kasuwa ba sai bazara, a lokacin ya mayar mana da abin da ya sawwaƙa. Mun sayi buhunan ajiyar wake guda goma. Rumbun da ya rushe kuma, saura dattijo ɗaya a garin da ya iya saƙa shi yadda ake yi a da, idonsa ma ya fara rauni. Ya ce in Allah Ya kai mu kaka, a yanko masa gamba a kawo, a kuma ba shi yara biyu su zauna kusa da shi su ga yadda ake ɗaura gindin.